Daga kantar caji ofis zuwa gaban alƙali: yadda za a shirya horo kan hujjar waya da kwamfuta a Zariya

Da wuya yau a kai ƙarar laifi kotu a Zariya a rasa waya a cikin zancen. In ƙwace aka yi a Kwangila, wayar ce abin da aka ƙwata. In ɗan kasuwa aka damfara a Sabon Gari da alat na bogi aka kwashe masa buhunan shinkafa, da waya aka yi. Masu garkuwa da mutane da waya suke cinikin kuɗin fansa, mai barazanar watsa hoton yarinya ma ita ce makaminsa. Duk da haka irin waɗannan shari'o'i suna mutuwa a kotu, kuma sau da yawa ba don babu hujja ba. Hujjar tana nan, sai dai an lalata ta tun a kantar caji ofis, ko an kawo ta gaban alƙali babu takardar da doka ta ce ta rako ta.

Wannan jagora na wanda aka ɗora wa nauyin shirya horo ne, ko daga Ma'aikatar Shari'a yake, ko daga rundunar 'yan sanda, ko ƙungiyar lauyoyi, ko jami'a. Abu ɗaya nake so ya riƙe tun daga nan: kada ya raba mutanen nan. 'Yan sanda a ɗaki ɗaya wannan wata, lauyoyin gwamnati a wani otal bayan wata shida, alƙalai kuma a Abuja, kowa ya koma yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. A tara su wuri guda, a ba su waya guda da shari'a guda, su bi ta tun daga kamawa har yanke hukunci. Garin nan ya san irin wannan aiki. Lokacin da Jihar Arewa ta kawo sabuwar dokar hukunta laifuka a 1960, a Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotu ana koya musu sabon tsarin.

Mataki na farko: tsofaffin fayiloli kafin gayyata

Kafin a buga takardar gayyata ko ɗaya, a nemi izini a karanta fayilolin shari'o'in da aka riga aka kammala, waɗanda waya ko bidiyo ko bayanan banki suka shiga ciki. Tambaya ɗaya ake yi wa kowane fayil: a ina hujjar ta faɗi? Wani za a tarar wayar ba ta ma iso kotu ba. Wani an buga sikirinshot a shagon kwamfuta na bakin titi aka miƙa haka nan. Wani kuma kotu ta karɓi hujjar, amma ba a iya nuna cewa wanda ake tuhuma ne ke riƙe da layin ba. Abin da aka gani a nan shi ne manhajar horon, ba wani jerin darussa da aka kwaso daga intanet wanda aka tsara wa 'yan sandan Ingila ba.

Mataki na biyu: su wa za su zauna

Kowa zai so a gayyaci manya, domin su ne ake ɗaukar hoto da su. Su zo buɗe taro, madalla. Amma masu zama har ƙarshe su ne waɗanda hannunsu ke taɓa hujja: ɗan sanda mai bincike, wanda ke zaune a kanta, mai ajiyar kayan shaida, ɗan sanda mai gabatar da ƙara a kotun majistare, lauyan gwamnati, majistare, alƙalan Babbar Kotu da na kotunan shari'ar Musulunci, sai kuma magatakardan kotu da tafinta. Mai ajiya da magatakarda su ne ake mantawa da su, alhali su suka fi daɗewa a wuri ɗaya. Mai bincike ana iya yi masa canji zuwa wata jiha kafin a fara sauraron shari'ar.

A gayyaci lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma, daga reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya da masu ba da taimakon lauya kyauta. Dalili biyu ne. Su ne za su fi kowa gano ramin da ke cikin hujja. Sannan alƙali bai kamata ya zauna kwana da kwanaki da ɓangaren masu ƙara su kaɗai ba, ko da a aji ne. Saboda haka ma dole a nemi amincewar Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai kafin a kira ma'aikatansu, a kuma kafa doka cewa ba za a taɓa zancen wata shari'a da ke gaban kotu ba.

Kada su wuce mutum 30, a raba su rukuni biyar ko shida, kowane rukuni da ɗan sanda da lauya da alƙali. Wurin taro kuma ya zama mai teburan aiki da soket da janareta mai mai. Kongo, inda Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, ta fi kowane otal dacewa, malaman kimiyyar kwamfuta kuma ga su nan Samaru.

Mataki na uku: a ƙaga shari'a guda

Mako biyu kafin horon, masu shiryawa su sayi wayoyi masu araha irin waɗanda mutane ke riƙewa, Tecno ko Itel, da 'yar ƙarama mai tocila, su yi wasan laifi da su. Misali: wani ya yi ciniki ta WhatsApp da mai hatsi, ya turo hoton rasit na bogi, ya aiko ɗan adaidaita ya kwashi kaya, ya goge wasu saƙonni, ya bar saƙon murya cikin Hausa. A sa kyamarar shago ta ɗauki lokacin lodin kayan, a karkatar da agogonta da gangan. A sa wa labarin ƙulli: wayar ƙanen wanda ake zargi ma yana amfani da ita. Sunaye duk na ƙage, kada a yi amfani da wayar wata shari'a ta gaske.

Mataki na huɗu: sa'ar farko

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin abin da aka ɓata a nan babu ƙwararren da zai gyara shi.

A fara da nuna abin da aka saba. An kawo wanda ake zargi, waya na hannun kofur. Mai ƙara yana tsaye yana cewa, "Yallaɓai, buɗe ka gani da idonka." Kofur ya sa a cire lambar sirri, ya shiga WhatsApp, ya buɗe saƙonnin da ba a karanta ba, ya tura hotuna uku zuwa wayarsa, ya kira wata lamba don ya ji wa zai ɗauka, sannan ya jefa wayar a durowa tare da makullai da wuƙa. A tambayi lauyan da ke rukunin me zai yi da wannan a kotu. Zai yi murmushi. Kowane taɓi ya canza wani abu a cikin wayar, kuma yanzu yana da ƙofar cewa 'yan sanda ne suka saka abin da aka gani.

Sai a koya yadda ake yi, kowa ya yi da hannunsa, har alƙalai.

A ɗauki hoton wayar a inda aka same ta, da abin da fuskarta ke nunawa. A rubuta rana da lokaci da wuri, da hannun wanda aka karɓa, da wanda ya shaida. In a kashe take, a bar ta a kashe. In a kunne take, kada a kashe ta. Wayoyin zamani suna kulle bayanansu da zarar an kashe su, buɗe su bayan nan ya fi wuya nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne a yanke ta daga sabis: a sa ta a yanayin jirgin sama, a tabbata Wi-Fi da Bluetooth su ma a kashe suke, domin muddin tana kama sabis abokin laifi zai iya goge ta daga nesa, ko ya janye saƙonnin da ya aiko. In akwai jakar Faraday mai toshe sabis a sa ta ciki. In babu, takardar alminiyam da aka naɗe ninki da yawa tana rage asara, amma a gwada ta a aji da wata wayar, a kira a ji ko za ta shiga. A haɗa ta da fawa bank, don batirin wayar da ke neman sabis ba ta samu yana saurin ƙarewa. Kuma a hanzarta kai ta wurin masu bincike: sababbin iPhone suna sake kunna kansu su koma kulle mai tsanani in suka kwana uku ba a buɗe su ba.

A rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, mai alƙaluma 15, daga jikin wayar ko kwalinta. Waya mai layi biyu tana da biyu. Kowa ya san danna *#06# yana fito da ita, amma a wayar da ake tuhuma wannan ma taɓi ne, in ya zama dole a yi shi a rubuta cewa an yi. A tattara caja da memori da kwalin sim da duk takardar da aka rubuta lambar sirri. Komai a ambulan ɗinsa, a liƙe, mai bincike da wanda ake zargi da shaida su sa hannu a kan bakin liƙin.

Kada a kai wayar wurin mai gyara a unguwar PZ ya "buɗe" ta. Abin da ya iya shi ne fulashin, wato share komai, kuma ko bai share ba, sai an kira shi kotu ya yi bayanin abin da ya yi.

Na'urar kyamarar tsaro kuwa tana rubuta sabon hoto a kan tsoho idan ta cika, don haka ranar da aka kawo ƙara ranar ake zuwa. Kada a ɗauki hoton talabijin ɗin da waya a ce an samu bidiyo, a fitar da ainihin fayil ɗin zuwa sabon filashi. Kafin a taɓa komai a rubuta lokacin da agogon na'urar ke nunawa da lokacin gaskiya. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, agogon da ya kauce da sa'a biyu ba abin mamaki ba ne, kuma sa'a biyun nan sun isa wanda ake tuhuma ya kawo shaidu cewa yana masallaci a lokacin.

Akwai kuma batun izini. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta ba da hanyar neman waranti daga alƙali don binciken na'ura, haka kuma sauraron kiran mutum a ɓoye sai da umarnin kotu. A ba kowane rukuni aikin rubuta takardar neman waranti mai faɗin wace waya, wane laifi, bayanan wane lokaci ake nema, alƙalin rukunin ya duba da jan biro.

Mataki na biyar: takardar bin sawu

A garin malamai wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Hadisi ba ya inganta sai an san wa ya ji daga wa, in aka samu giɓi a isnadi sai a ce ya raunana. Hujja ma haka take. Takarda ce guda mai bin ambulan duk inda ya je: wa ya bayar, wa ya karɓa, yaushe, don me, liƙin yana nan ko an buɗe. Daga mai bincike zuwa mai ajiya, zuwa sashen binciken manyan laifuka a Kaduna, zuwa ɗakin gwaji, ta dawo, ta shiga hannun magatakarda. A aji, a sa ambulan ya zagaya rukuni-rukuni, a umarci mutum ɗaya a asirce ya ƙi sa hannu. Ranar kotun gwaji za a ga abin da wannan layi ɗaya zai jawo.

Mataki na shida: kwafi da tambari

Ba a nufin mayar da kowa masanin kwamfuta. Abu biyu kawai ake so kowa ya fita da su. Na farko, ba a aiki a kan asali. Ƙwararre yana ɗaukar cikakken kwafi, yana amfani da na'urar da ke hana rubuta komai a kan asalin, sannan a mayar da asalin ambulan. Na biyu, akwai hanyar tabbatar da cewa kwafin bai canza ba, wato tambarin lissafi da masana ke kira hash.

Wannan darasi ba a yin sa da baki. A sa majistare ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta a fayil, "Na karɓi naira dubu 50." A lissafa tambarin da tsarin SHA-256, wanda ke fitar da jerin haruffa da alƙaluma 64, Windows ma tana da umarnin certutil mai yin haka. A rubuta shi a allo. Sai ya ƙara sifiri ɗaya, 50 ta koma 500, a sake lissafawa. Jerin gaba ɗaya zai sauya, ba wani kama tsakaninsa da na farko. Ya goge sifirin, tsohon jerin ya dawo daidai. Daga ranar, duk wanda ya kawo masa faifai zai tambaye shi ina tambarin da aka ɗauka ranar kwafi.

Manhajojin FTK Imager da Autopsy, na ɗaukar kwafi da bincikensa, kyauta ne, sun isa aji. Na'urori masu tsada irin na Cellebrite suna da amfani, amma lasisinsu sai an riƙa sabuntawa da dala, kuma wurinsu manyan cibiyoyi ne irin Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta 'yan sanda a Abuja da hukumar EFCC. Abin da caji ofis na Tudun Wada ko Samaru ke buƙata shi ne ya san yadda zai isar musu da waya lafiya, da takardar da ke faɗin ainihin abin da ake nema a ciki.

A nan ne kuma za a nuna raunin sikirinshot. A ba wani ɗalibi minti biyar ya ƙirƙiri hirar WhatsApp ta ƙarya da wayoyi biyu, ta hanyar canza sunan da aka ajiye lamba da shi. A nuna kuma cewa hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana rasa bayanan da ke ɓoye cikinsa na rana da na'urar da ta ɗauka. Ba ana cewa sikirinshot ba shi da amfani ba ne. Sau da yawa shi kaɗai mai ƙara ke da shi. Amma a haɗa shi da wayar da aka ɗauke shi, da shaidar mai ita.

Mataki na bakwai: abin da ke hannun kamfanoni

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar kira har shekara biyu. Shari'a a nan tana iya wuce haka kafin a kira shaida na farko, don haka a makon farko ake rubuta takardar nema. Bayanan suna nuna wa ya kira wa, yaushe, tsawon wane lokaci, da wace IMEI, ta wane turken sabis. Ba su ɗauke da abin da aka faɗa. WhatsApp kuwa tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ba ya iya karanta su, don haka hirar tana cikin wayoyin ne ko a ajiyar da mai waya ya yi. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, yana karɓar buƙatar hukuma ta a adana bayanan shafi na kwana 90 kafin takardun shari'a su iso, amma samun abin da ke cikin shafin yawanci sai an bi ta yarjejeniyar taimakon shari'a tsakanin ƙasashe, ta ofishin Antoni Janar na tarayya. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Budafes kan laifukan intanet a 2022. A lura da agogo: bayanan kamfanonin waje galibi da lokacin UTC, wato agogon GMT, suke zuwa, namu kuma yana gaba da sa'a ɗaya.

A shari'ar kuɗi, banki da lambar BVN da mai POS da aka cire kuɗin a wurinsa sukan fi wayar kanta magana.

Mataki na takwas: sashe na 84

In mai gabatar da ƙara bai fita da komai ba sai wannan, horon bai tashi a banza ba. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ita ce ƙofar da duk abin da kwamfuta ta fitar ke bi ya shiga kotu, kuma ma'anar kwamfuta a dokar tana da faɗin da ya haɗa da waya. An yi wa dokar gyara a 2023 aka ƙara bayanan lantarki da sa hannu na zamani a fili. Sharuɗɗan huɗu ne: ana amfani da na'urar a kai a kai a lokacin, ana shigar mata da irin waɗannan bayanai a aikin yau da kullum, tana aiki daidai ko matsalarta ba ta shafi bayanan ba, sannan abin da aka fitar daga abin da aka shigar ya samo asali. Ana tabbatar da su ta bakin shaida, ko ta satifiket mai bayyana takardar, da yadda aka fitar da ita, da na'urar da aka yi amfani da ita, da sa hannun wanda ke da alhakin kula da na'urar ko aikin.

Hukunci biyu na Kotun Ƙoli sun isa a karanta tare, dukansu daga rikicin zaɓen gwamnan Bayelsa. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, an kawo takardun da aka buga daga intanet ba tare da cika sharuɗɗan nan ba, kotu ta ce ba su karɓuwa. A shari'ar Dickson da Sylva ta 2016, an karɓi faifan bidiyo da satifiket ɗinsa, sai aka ce sai an kawo wani satifiket na na'urar da za a kunna shi a kotu. Kotun Ƙoli ta ce ba a buƙatar wannan.

Aikin aji: kowane rukuni ya rubuta satifiket uku, na bayanan kira, na bidiyon shago, na hirar da aka ciro daga waya. Gardamar da za ta tashi ita ce wa zai sa hannu, kuma gardama ce mai amfani. Na bayanan kira jami'in kamfanin ne, na bidiyo mai kula da na'urar shagon, na hira wanda ya ciro ta. Mai bincike ba zai rantse a kan kwamfutar da bai taɓa gani ba. Kuma tun ranar da aka karɓi hujja ake karɓar satifiket, ba ranar da lauya ya miƙe ya yi suka ba.

Bidiyon amsa laifi ma nan ya shigo. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayanin wanda ake zargi a bidiyo da kuma gaban lauyansa, Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017, kuma a 2024 Kotun Ƙoli a shari'ar Nnajiofor ta ɗauki tanadin tarayya a matsayin wajibi. Wannan bidiyon shi ma hujjar na'ura ce, yana buƙatar tambari da satifiket, kada ya kwana a wayar mai bincike tare da hotunan bikin ƙanwarsa.

Sai harshe. Saƙon muryar da Hausa ne, ko Fulatanci, Babbar Kotu kuma da Turanci take rubutu. A rubuta maganar yadda aka faɗe ta, a fassara, mai fassarar ya zo ya tsaya a kan aikinsa. A ba rukunoni biyu saƙo ɗaya su fassara dabam-dabam, kamar "ka san abin da ya rage", a ga yadda ɗaya zai mayar da shi barazana ɗaya kuma tunin bashi.

Mataki na tara: abin da alƙali zai auna

Karɓar hujja dabam, nauyinta dabam. Satifiket ya buɗe ƙofa ne kawai. Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce wa ke riƙe da wayar a wannan lokaci. Layi yana da rajista da NIN, amma a gidajenmu waya ɗaya tana zagaya miji da mata da ƙane da almajirin gida, akwai layukan da aka yi wa rajista da sunan wani, akwai asusun banki na aro. Turken sabis yana nuna yanki ne ba gida ba, a cikin gari yankin ƙarami ne, a ƙauyukan wajen Giwa kuwa yana iya kai kilomitoci. Wayar da aka ƙwace kan bi hannu uku kafin bin sawunta ya kai ga wanda ya saye ta a kasuwa. Sashe na 135 na Dokar Shaida bai sassauta ba don hujja ta fito daga na'ura: sai an kawar da duk shakka mai ma'ana.

Alƙali ya saba da tambayar ƙwararre: me ka karanta, da me ka yi aiki, in wani ya bi hanyarka zai samu abin da ka samu? Ya san kuma sashe na 14 da 15, masu ba shi ikon auna hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba, ya karɓa ko ya ƙi. Yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum da manhaja, "na gane muryarsa" ita kaɗai ta yi ƙaranci. Inda hujjar hoton tsiraici ce ko ta shafi yaro, a tsara yadda za a duba ta ba a bainar jama'a ba, da wanda zai riƙe kwafin bayan nan.

Mataki na goma: kotun gwaji

Ranar ƙarshe a zauna kotu sosai, da magatakarda da tafinta da lasifika, a kunna bidiyon don a ga ko kayan kotu za su iya. A juya matsayi in ana so darasin ya zauna: majistare ya shiga akwatin shaida a matsayin mai bincike, sajan ya zauna kusa da alƙali. Lauyan kariya ya ɗauko takardar bin sawu.

"Sajan, ranar Talata ka ba mai ajiya wayar?"

"Haka ne, ya mai shari'a."

"Kaduna sun karɓa ranar Juma'a. Laraba da Alhamis tana hannun wa?"

Shirun da zai biyo baya a bar shi ya yi tsawo. Bayan hukunci, kowane rukuni ya faɗi inda nasa fayil ya yi rauni da wanda ya kamata ya toshe.

Bayan an watse

Kuɗin da aka saba kashewa kan jaka da riga mai tambari a karkatar da shi. Kowane caji ofis da ya turo mutum ya koma da ambulan masu liƙi, da kwafin takardar bin sawu masu yawa, da samfurin satifiket, da fawa bank biyu, da sababbin filashi, da shafi guda na matakan sa'ar farko cikin Hausa da Turanci da za a manna a bangon kanta. Kowace rajistarar kotu ta samu akwati mai makulli da faifan ajiya. A zaɓi mutum biyu daga kowane ɓangare su maimaita horon ga waɗanda ba su zo ba, ko da sa'a ɗaya ce bayan faretin safe. A sanar da Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna abin da aka yi, ko sa ɗauki wani abu su sa a manhajarsu.

Bayan wata uku a koma ga fayiloli, sababbi wannan karon, a duba abu huɗu: an rubuta IMEI, takardar bin sawu ta cika babu giɓi, satifiket yana cikin fayil kafin a tura shi Ma'aikatar Shari'a neman shawara, kuma kwana nawa aka yi kafin a rubuta wa kamfanin waya. Ofishin da aka samu giɓi a nasa, DPO da mai ajiyarsa su ne farkon waɗanda za a kira zagaye na biyu.